A Sayar Da Gona A Tafi Ingila?

Yau ina neman afuwar masu jiran ci gaban labari, domin maganar da na zo da ita babu soyayya a ciki, babu kishiya, babu aljani. Magana ce ta gona da digiri, kuma ta jawo mini ɓacin ran mutumin da ban taɓa yi wa musu ba tun ina yaro.

A Babbar Sallar da ta wuce na je gida, wani ƙauye a ƙasar Dambatta. Bayan an sauko daga idi an yi yanka, sai Baffana, ƙanin mahaifina, ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure shi da ɗansa na uku, yaro mai ƙoƙari da natsuwa, wanda ya yi digirinsa na farko a fannin aikin gona, ya gama bautar ƙasa, yau shekara biyu ke nan yana zaune ba aiki. Baffa ya ce, "Malam, ƙaninka ya samu takarda daga wata makaranta a Ingila. Sun ce sai ya fara ba da wani abu kafin su aiko da takardar neman biza. Na yanke shawara zan saki gonar gawo. Kai ka san hanyar, shi ya sa na ce a kira ka."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma, in dai shawarata ake nema, kada a sayar."

Zauren ya yi tsit. Can sai yaron ya ce, "Haba Yaya, kai fa ka je." Shi kuwa Baffa murmushi ya yi, irin wanda gara a zage ka da a yi maka shi, ya ce, "Ai dama wanda ya ƙoshi shi ke cewa tuwon babu daɗi."

Maganar nan ta tsaya mini a rai har yau. Kuma gaskiya ne, na je. Na yi digiri na biyu a wata jami'a da ke arewacin Ingila daga 2015 zuwa 2016, da tallafin wata hukuma, ba da kuɗin gidanmu ba. Ban yi nadama ba. Amma abin da na kasa faɗa a zaure saboda nauyin baki, shi nake so in faɗa a nan, domin na san ba gidanmu kaɗai ake wannan shawara ba. Daga Bichi zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Kunci, akwai iyaye da yawa da ke kallon gona suna kallon takardar da aka turo wa ɗansu ta intanet.

Bari in fara da laifinmu, mu da muka je. Mu ne muka yi wa na gida ƙarya, ba da baki ba, da hoto. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka sai ka ga kowannenmu ya fito da ƙatuwar riga ya tsaya gaban wani tsohon gini, an ɗauka an sa a Facebook. Babu wanda ya taɓa ɗaukar hoton ɗakinsa. Nawa, in na miƙe hannu biyu saura kaɗan in taɓa bango da bango, ga gado, ga tebur, ga ɗan wurin shimfiɗa sallaya, shi ke nan. Akurkin kajin Innata ya fi shi samun iska. Kuma kuɗin hayarsa na wata ɗaya ya fi albashina na gida a lokacin.

Sanyi kuwa ba sai an faɗa ba, amma ni ba sanyin ne ya fi damuna ba, duhun ne. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. Azahar da La'asar da Magariba duk su wuce cikin awa huɗu, kana aji ko kana ɗakin karatu, sai ka yi ta neman lungu. Mutumin da ya tashi inda rana ke dukansa tun daga hantsi, in aka kulle shi cikin irin wannan duhu wata uku, wani abu na taɓuwa a zuciyarsa. Ni ban san sunansa ba a lokacin, na dai san ina kwana ina juyi, abinci ba ya shiga, ko waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Da azumi ya zo a Yunin 2016 sai abin ya juye, muka riƙa kai awa 18 da ɗoriya ba ci ba sha, ana buɗa-baki wajen ƙarfe 9 da rabi na dare, ga rubutun kammalawa a wuya.

Sannan ga rashin gaisuwa. Kada mai karatu ya raina wannan. A garinmu daga ƙofar gida zuwa masallaci sai ka gaisa da mutum goma, a tambaye ka gajiya, a tambaye ka iyali, a tambaye ka ya ruwa. Can na yi wata huɗu ina haɗa kicin da wani yaro, ban san ko iyayensa na raye ba. Ba mugunta ba ce, haka rayuwarsu take. Ranar da na fara dafa miyar kuka da daddawar da Inna ta ƙulle mini, sai na tarar an manna 'yar takarda a jikin firji, cikin ladabi, ana roƙon mai wannan girki ya riƙa buɗe taga. Na yi dariya, na kuma ji kamar in yi kuka. Kakata ta rasu ina can. A ɗakin karatu aka kira ni aka faɗa mini, na fita waje na tsaya cikin yayyafi, babu wanda zai ce mini "ya haƙuri". Kafin in koma ciki har an kai ta.

Karatun kansa wata duniya ce. Mu da muka saba da haddace takardar malami mu mayar masa da abarsa ranar jarrabawa, sai ga malami yana cewa ka kira shi da sunansa na yanka, yana kuma tambayarka, "Kai me ka gani?" Rubutuna na farko ya dawo da maki mai kunya, an rubuta a ƙasa cewa na kawo maganar kowa ban kawo tawa ba. Ga manhajar Turnitin da ke zaƙulo duk jimlar da ka ɗauko a wani wuri. Wannan horo shi ne mafi tsadar abin da na dawo da shi, kuma zan dawo kansa. Amma horo ne mai bukatar kwanciyar hankali. Akwai lokacin da kuɗin tallafina ya yi wata uku bai zo ba, na koma ɗaukar kwalaye da dare a wani ɗakin ajiyar kaya, in dawo da asuba in shiga aji ƙarfe 9 idanuna kamar garwashi. A watannin nan ban koyi komai ba. A cikinsu ne kuma aka yi ta kirana daga gida, wannan a taimaka da na taki, wancan matarsa ta haihu, domin ai wanda ke Ingila ba ya rasawa.

To wannan ni ke nan, mai tallafi. Yanzu mu zo kan lissafin ƙanina, domin a nan gizo ke saƙa.

Shirinsa, kamar na dubban yara irinsa, shi ne a sayar da gona a biya kafin alƙalami da biza da jirgi, in ya isa can sai ya yi aiki ya biya sauran. Mu ɗauki alƙalami. Kuɗin makaranta na digiri na biyu ga baƙo a Ingila yawanci daga fam 15,000 yake farawa ya yi sama. Hukumar shige da fice tasu na so ka nuna kana da fiye da fam 1,000 na kowane wata har wata 9, in ba a Landan za ka zauna ba. Kuɗin asibiti da ɗalibi ke biya tare da biza an ɗaga shi daga fam 470 zuwa fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024. In ka haɗa da bizar da jirgi, ka tasam ma fam 25,000 ko fiye. A 2024 fam ɗaya ya kai naira 2,000. Wato ana maganar naira miliyan 50. Gonar gawo ko kusa da wannan ba ta kai ba, ko da dillali ya yi rantsuwa da abin da zai kashe shi.

Sai batun aikin da ake taƙama da shi. Doka ta ba ɗalibi awa 20 ne kawai a mako lokacin karatu. Mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ya koma fam 12.21 a Afrilun 2025. Ka ninka, za ka samu kamar fam 244 a mako, wato wajen fam 1,000 a wata. Daidai abin da su da kansu suka ce sai da shi za ka ci ka biya haya. To ina na makaranta zai fito? Ko dai ka karya doka ka wuce awa 20, ka zauna cikin fargabar a kore ka, ko ka ci bashi, ko a sake waiwayar wata gonar. Kuma tun Janairun 2024 an hana masu irin wannan digiri na shekara ɗaya tafiya da iyalinsu, don haka tsohuwar dabarar nan ta miji na karatu mata na aiki cikakke ta mutu.

Wanda ke ganin tsoratarwa nake yi ya tuna abin da ya faru a Jami'ar Teesside a watan Mayun 2024. Ɗalibai 'yan Najeriya ne da suka tafi da lissafinsu daidai, sai naira ta karye a hannunsu, suka kasa cika kashin kuɗin makaranta a kan lokaci, aka rufe musu karatu, wasunsu aka ba su takardar barin ƙasa. Ba malalata ba ne, ba 'yan damfara ba ne. Sun tara kuɗinsu lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, aka saki naira a Yunin 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a 2016, lokacin da aka tashi daga 197. Manomi ya san fari, ya san fara, ya san wuta-wuta. Wannan annobar kuwa ba ya ganin hadarinta balle ya shirya.

Wani zai ce to ai ba Ingila kaɗai ce waje ba, ga Indiya, ga Malesiya, ga Masar, ga Saifurus, duk sun fi araha. Haka ne, kuma yawancin 'yan Kano can suka fi zuwa. Sai dai araha ba ta hana dala tashi, kuma kowace ƙasa da irin nata. Waɗanda ke Yukren yaƙi ya tashe su a Fabrairun 2022. Na Sudan, waɗanda 'ya'yan Kano ke da yawa a cikinsu, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sa aka kwaso su a motoci, suka yi kwanaki a yashe a bakin iyakar Masar. Wannan ƙaddara ce, ba laifin kowa ba. Amma mai tallafi in ya dawo hannu rabbana ya yi asarar lokaci ne, wanda aka sayar wa gona kuwa ya dawo ya tarar wani na huɗa a inda kakansa ya yi huɗa.

Ba zan yi maganar nan in tsallake gwamnati ba, kodayake na san a Kano da ka ambaci tallafin karatu sai a fara leƙen kalar hularka. Ni dai abin da na gani zan faɗa. Tura ɗalibai 501 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta yi a 2012 su yi digiri na biyu a waje abu ne da ya canza tunanin talakan karkara. A karon farko ɗan mai kai taki gona da jaki ya hau jirgi ba don aikin Hajji ba, kuma da yawansu sun dawo suna koyarwa a jami'ar Wudil da ta Northwest. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta dawo da shirin a 2023 da mutum 1,001, aka nufi Indiya da Uganda. Wannan alheri ne, wanda ya ce ba alheri ba ne bai taɓa ganin uwar da ta raka ɗanta filin jirgin Malam Aminu Kano ba. Amma mun kuma ga ɗaya fuskar. Ɗaliban da aka tura Jami'ar Near East a arewacin Saifurus sun gama karatu suka yi shekaru ba takardar shaida saboda bashin da makarantar ke bin jiha, sai a 2025 aka sanar da biyan fiye da naira biliyan 2 domin a saki takardun mutum 84. Ka duba shekarun da aka cinye wa waɗannan yara. A nawa ganin, duk gwamnatin da za ta tura ɗan wani waje, ta ajiye kuɗinsa gaba ɗaya da kuɗin ƙasar da za shi tun kafin ya taka matakalar jirgi, yadda ko mulki ya canza hannu, ko naira ta faɗi, ba zai zama maraya ba. In kuɗin mutum 300 ne ke akwai a tura 300. Yawan adadi na ranar bikin rakiya ne, yunwa kuwa ta yaron ce shi kaɗai.

Ta tarayya ma ba ta tsira ba. Asusun TETFund ya dakatar da tura malaman manyan makarantu waje daga Janairun 2025, bisa dalilin tsada da kuma yawan waɗanda ke zuwa su ƙi dawowa. A 2025 ɗin dai Ministan Ilmi Tunji Alausa ya sanar da tsayar da tallafin nan na yarjejeniya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hangari, bayan ɗaliban sun daɗe suna kukan rashin biyansu. To in hukumomi masu baitulmali sun ja da baya saboda nauyin abin, Baffana da gona ɗaya ne zai ɗauka?

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa maganar gonar ta fi ci mini rai, domin wannan ma a Ingilar na koyo shi, abin dariya abin takaici.

Wata rana ina laluben littattafai a hawa na uku na ɗakin karatu, sai na ci karo da sunan Kano a bayan wani littafi. Na buɗe, sai ga gonakinmu. Ga hoton gero da wake a kunya ɗaya, ga tumaki a turke, ga jaki da mangala. Marubucin Michael Mortimore ne, Baturen da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, ya dawo Jami'ar Bayero a 1979, ya rasu a 2017. Tun 1965 shi da wani abokin aikinsa suka fitar da nazari kan wannan karkara da ta kewaye birnin Kano, inda mutane suka haura 350 a kowace murabba'in mil amma ƙasa ba ta mutu ba. Daga baya shi da Bill Adams suka yi shekaru suna bibiyar ƙauyen Tumbau, wata Baturiya Frances Harris kuma ta zauna tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Tambayar da ta dame su ita ce, yaya aka yi ake noma gona ɗaya kowace shekara, ba hutu, tun kaka da kakanni, kuma tana bayarwa? Amsar ita ce abin da Baffa ke yi tun kafin a haife ni. A shuka wake da gyaɗa tsakanin hatsi, a tara harawa a kan bishiya ko rufin ɗaki, a ɗaure dabbobi da damina a ciyar da su, a kwashe takinsu da toka da sharar gida a mayar gona da rani, a bar gawo tsaye domin shi da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, ƙarƙashinsa kuma ya fi ko'ina kyau. Abin da na tashi ina gani a matsayin wahalar da nake karatu don in guje mata, shi ne ake koyar da 'ya'yan Turawa a matsayin misali na duniya. Na zauna a ƙasa tsakanin kantocin littattafai na yi ta karantawa har aka zo rufewa.

To irin wannan ƙasar ce ake so a sayar. Gonar gawo ba fili ba ce kawai, takin shekara hamsin ne a kwance a cikinta. Kuma a yankinmu gona in ta fita ba ta dawowa. Babu daji da za a je a sare, kowane taku da mai shi, iyaka da iyaka sai layin gamba ko aguwa. Gado na ƙara tsinka ta, abin da kakanmu ya noma shi kaɗai a gandu yau gida tara ke ci a ciki. Ga masu kuɗin birni sun shigo, musamman tun da aka fara aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda ya ratsa ta Dambatta. Baffa yana da 'ya'ya goma sha ɗaya. In aka sayar don mutum ɗaya, an yi wa goma hukunci ba a tambaye su ba, har da mata, waɗanda dama su ake fara mantawa. Kuma nauyin da za a ɗora wa yaron ya fi ƙarfin wuyansa. Na ga irinsu a can. Ba sa iya faɗuwa jarrabawa, ba sa iya rashin lafiya, ba sa iya dawowa. In an gama karatun sai su maƙale a aikin kula da tsofaffi, suna turo kuɗi, suna cewa baɗi, baɗi. Digirin aikin gona yana cikin akwati.

Na san abin da za a ce, kuma ƙanina ya faɗa mini shi da daddare da muka keɓe. Ya ce, "Yaya, shekara biyu ina yawo da takardu. Gonar nan in an raba nawa zan samu? Ko kunya ashirin ba za ta kai ba. Ka ce in zauna in yi me?" Wallahi ban da amsar da za ta gamsar da shi gaba ɗaya, kuma duk wanda ya ce yana da ita bai san zaman banza ba. Akwai kuma waɗanda suka yi irin wannan kasada ta fisshe su, suka dawo suka sayi gonaki uku. Na san mutum ɗaya. Amma labarin wanda ya haye ake bayarwa a majalisa, waɗanda ruwa ya ci ba su da mai ba da nasu.

Kuma kada a fahimce ni a baibai, ni ba mai cewa a zauna gida ba ne. Mu da ci-rani da fatauci da almajirci a jininmu suke. Tun 1855 Dorugu ya bi Barth zuwa Landan, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta, ya dawo ya ƙare kwanakinsa a Nasarawar Kano a 1912. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946. Mu masu son adabi kuma mun san Ɗandatti Abdulƙadir a Jami'ar Indiana ta Amurka ya yi digirinsa na uku a 1975, a kan Mamman Shata, Ɗalhatu Muhammad kuma ya yi nasa a Landan a kan Aƙilu Aliyu. Abin lura a nan, waɗannan malamai da kayansu suka tafi. Sun ɗauki tambaya daga gida, suka je suka ari ma'auni, suka dawo. Ba guduwa suka yi ba. Yaron da ya tafi da tambaya, ko me ya sa wuta-wuta ke cinye dawar ƙauyensu, ko yaya za a yi da ruwan madatsar Tomas da ta Watari ya wadaci masu noman rani, wannan ko watanni shida ya yi a waje sun ishe shi. Wanda ya tafi don ya bar Najeriya kawai, ya faɗi gaskiya cewa ci-rani za shi, sai a yi masa lissafin ci-rani, kada a lulluɓe abin da rigar ilmi har a sa dattijo ya rabu da gonarsa yana ganin jihadi yake yi.

Ilmin waje yana isowa gona, ban musa ba. Buhun nan na PICS mai ciki uku da ake adana wake ba tare da magani ba, wanda yanzu ake samu a kasuwannin ƙauye, daga binciken Jami'ar Purdue ta Amurka ya fito, tare da masana na Kamaru da na Maraɗi. Amma ka lura, haɗin gwiwa ne da waɗanda ke zaune kusa da rumbu.

Shi ya sa na ce wa ƙanina ya fara da abin da ke gabansa. Cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa da ke Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012 ta kuma samu tallafin Bankin Duniya, ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka ke zuwa yin digiri na biyu da na uku a cikinta. Wato wasu Kano ce ƙasar wajensu. Ga gonar gwaji ta IITA a Minjibir, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga gidanmu, inda aka yi shekaru ana fitar da irin wake. Ga Samaru a Zariya. Ban ce babu matsala ba, mun san yajin aiki, na 2022 wata 8 ya ci, mun san malamin da zai riƙe maka babi ɗaya wata shida. Amma kuɗin wannan ragon layya biyu ko uku ne, ba gona ba. In ya yi shi da kyau, ya fitar da rubutu ɗaya mai ma'ana a kan ƙasar da ya sani fiye da kowane Bature, to da wannan ake neman cikakken tallafi irin su Commonwealth da Chevening na Ingila ko DAAD na Jamus, waɗanda ke biyan makaranta da jirgi da abinci. Suna da wuyar samu, ana nema a faɗi a sake nema. Na yi masa alkawarin zan zauna da shi mu cike takardun, in kuma biya masa kuɗin jarrabawar Turanci daga aljihuna, ko da sau biyu ne.

Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Washegari da zan taho na je sallama, Baffa ya amsa mini a taƙaice, bai ba ni ƙullin daddawar da ya saba sa a ba ni ba. Da motarmu ta fito ta bayan gari na hangi gonar, an riga an watsa taki tsibi-tsibi ana jiran ruwa.

Makon jiya Inna ta kira ni. Ta ce gero ya yi kyau a gonar gawo, har an yi maimai. Ta ce yaron ya shiga birni sau biyu, tana jin wajen jami'a ya je, amma bai faɗa wa kowa ba. Ta kuma ce dillalin nan ya sake zuwa ranar Lahadi bayan an tashi daga kasuwar Dambatta, ya ƙara kuɗi a kan na da, sun daɗe a zaure shi da Baffa, ita dai ba ta ji abin da suka ƙulla ba.